Ƙasar Kakana a Lambun Kakata

Shekaranjiya da la'asar ina tsince shinkafa a tsakar gida, a nan Magarya, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe a bayan ɗakin girki. A buga, a tsaya, a sake bugawa. Na leƙa, sai ga 'yata ta kife gwangwanin tumatir a ƙasa, ƙusa a hannun hagu, dutse a hannun dama, tana huda gindinsa. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, don ni faɗa ba ya yi mini wuya, sai ta ce mushensu, wato malaminsu, ne ya ce kowa ya zo da gwangwani mai huji ranar Laraba bayan an tashi daga lakwal, wato makarantar boko, za su yi ruwan sama. Sai na fasa faɗan. Na koma na zauna gaban tire, amma ban ƙara tsince ko tsakuwa ɗaya ba har aka kira magariba. Ni ma na taɓa huda irin wannan gwangwani, kuma ban manta inda ya kai ni ba.

Bari in fara gaya maka yadda ƙauyenmu yake kwance, don in ba ka san wannan ba sauran labarin ba zai zauna maka ba. Yana gabas da Magarya, in ka nufi Dungas. Ta arewa tudu ne, jigawa mai jan yashi, a can gonakin hatsi suke. Gari yana tsakiya. Ta kudu ƙasa ta gangara zuwa wani tabki da yake cika da damina ya riƙe ruwa har cikin rani, a bakinsa kuma mata suke da lambuna. Daga tudu zuwa tabki akwai kwazari, wato ramin da ruwa ya tona wa kansa hanya, yana zagayawa ta bayan gari. Da rani a bushe yake, awaki ne kawai ke kwana a cikinsa.

Lambun da ya fi kusa da bakin kwazarin nan na Kakata ne, mahaifiyar Babana. A wurin uwarta ta gaje shi. Ƙasarsa baƙa ce mai laushi, in ka danƙe ta a hannu sai ta riƙe siffar yatsunka. Akwai rijiya marar zurfi a tsakiya, da bishiyar lemun tsami guda, sai kunyoyin albasa da tumatir da barkono da yakuwa. Har yau in na shiga kasuwa na ji ƙamshin ɗanyen lawashi da aka yayyafa wa ruwa, zanin Kakata nake tunawa. Lambun nan shi ke riƙe da miyar gidanmu tun daga sanyi har faɗuwar ruwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kowa ya fara auna tuwo da ido. Shi ne kuma wurin da Kakata take zama ita kanta. A gida ba ta da yawan magana, amma a lambu har waƙa take yi wa albasa.

Kakana kuwa, mijinta, gonarsa ce can ƙolin tudu, kuma duk yankinmu babu wanda bai san ta ba. Ba don girmanta ba, ko da yake tana da girma. Don tsabtarta. A wurinmu a lokacin, ana gane namiji ne da sassabe, wato gyaran gona kafin ruwa ya sauka. Da bazara ta yi, sai a tumɓuke tushen karan bara ɗaya bayan ɗaya, a sassare kalgo da sabara da 'ya'yan gawo har ƙasa, a tara komai a cinna wuta. Suna da dalilinsu: itace yana tara tsuntsu, inuwa tana hana hatsi tashi, tsohon kara yana ɓoye tsutsa. Amma babban dalilin shi ne kunya. Gonar da aka bar wa kara da tsiro, gonar rago ce, ko ta marar lafiya, ko ta wanda ya tafi ci-rani ya manta da gida.

A wannan aikin babu wanda ya kama ƙafar Kakana. In ya gama sassabe, za ka tsaya a wannan iyaka ka hango ƙadangare yana gudu a waccan. Iyaye maza suna kai 'ya'yansu su nuna musu. In saurayi ya zo neman aure, akan tura wani ya dubo gonarsa, kuma da ta Kakana ake auna ta. Ba shi da shanu, bai je Makka ba, karatunsa bai wuce na salla ba. Sunan da ya yi a duniya, a wannan gona ya yi shi, kuma ya san haka.

Mutum ne mai kwarjini. Babana, da gemunsa da 'ya'yansa, ba ya haɗa ido da shi. Ni kaɗai ce a gidan nake taka shi yadda na ga dama, don ni jika ce, kuma ka san tsakanin kaka da jika sai wasa. Yana kirana amarya, ina kiransa ango. Yakan ce ya gaji da ni, ban iya dama fura ba, zai sake ni ya auro 'yar Dogo-Dogo. Ni kuma in ce wace mace ce za ta yarda da miji mai haƙori uku. Sai ya yi dariya har tari ya kama shi, Babana kuwa ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba.

Akwai abu ɗaya da yake hana Kakana dariya, shi ne yashi. Kowace damina kwazari yakan kwaso yashi ya zube a lambun Kakata. Tun ina ƙarama sosai a bakin shinge yake tsayawa. Daga baya ya ci kunyoyin farko, ya kai gindin lemo, ya fara leƙa rijiya. Baƙar ƙasa tana nan, amma a binne, kuma albasa ba ta yin komai a kan yashi. Saboda haka duk shekara, da an gama girbi an ɗaure damma, sai Kakana ya ɗauki shebur da kwando ya gangara. Ya yi ta haƙa yana kwashewa yana tarawa a gefen shinge, har tarin ya zama ɗan tudun da muke hawa muna sulalowa. Ba ya barin kowa ya taya shi, ko da yake ba ya iya kwashe shi duka, kowace shekara saura yakan kwanta a kan na bara. Ban taɓa jin ya gaya wa Kakata wata magana mai daɗi ba, wannan haƙan shi ne maganarsa. Yana yi yana tsine wa shanu, don a sama kaɗan da lambun burtali ya ƙetare kwazarin, kuma duk gari an yarda cewa kofaton shanun makiyaya ne ke farfasa ƙasa ruwa ya kwaso.

Ina aji biyar aka kawo mana sabon mushe. Saurayi ne siriri daga yamma, Hausarsa tana ba mu dariya, muna kwaikwayonsa a bayan aji. Ranar Laraba da yamma ba a komawa karatu, sai ya ce duk mai so ya dawo, akwai darasin da ba a yi da alli. Da farko mun je ne don gudun aiken gida. Ya sa mu huda gwangwanaye, mu kawo kwalabe, shi kuma ya tsaga bido, wato jarkar roba, gida biyu a tsaye ya yi kwami biyu. Muka cika su da ƙasa iri ɗaya, muka jingina su a kan tubali suka karkata, muka ajiye kwalba a bakin kowanne. Ya ce a bar ɗaya tsirara. Ɗayan kuma ya ce mu shimfiɗa masa guntayen kara da busasshiyar ciyawa. Sannan yara biyu suka ɗaga gwangwanaye sama, aka zuba musu ruwa, ruwan ya sauko ta hujin yaf-yaf kamar na Allah.

Kwalbar kwamin da yake tsirara nan da nan ta cika da jan ruwa mai kauri. Ɗayar kuwa muka yi ta jira, da ƙyar ruwa ya ɗigo, kuma kana ganin yatsanka ta cikinsa. Mushe bai yi mana dogon bayani ba. Tambaya kawai ya yi, ina sauran ruwan ya tafi. Wata yarinya ta tura yatsa cikin ƙasar da ke ƙarƙashin karan ta ce ga shi nan a ciki, bai tafi ba. A wasu Larabobin muka tara yashi muka gina garinmu a filin lakwal, da tudunsa da tabkinsa, muka yi masa ruwa muna kallon inda yake bi. Ya koya mana mu zuba ƙasa a kwalba da ruwa, mu girgiza, mu ajiye, mu ga yadda take kwanciya hawa-hawa, kowace ƙasa da launinta. Abin da yake yawan maimaitawa shi ne, duk ɗigon da ya faɗi a kan garin nan yana da inda za shi, kuma ba ya tafiya hannu sake.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka kafin a ba mu hutu. Washegari Mushe ya ce yau za mu bi sawun ruwa, daga inda ya tsaya zuwa inda ya taso. Muka fara daga lambun Kakata, inda sabon yashi ya kwanta sumul, muka ɗebi kwalba guda. Sannan muka shiga cikin kwazarin muka nufi sama. Ka ga, mutanen garinmu kullum suna ƙetare kwazarin nan, masu zuwa gona da masu zuwa kasuwa, amma babu wanda ya taɓa bin tsawonsa, don ba hanya ba ce kuma ba ta kai ka ko'ina. Da muka iso burtali muka ce to, an zo, ga masu laifi. Mushe ya sa muka ɗebi ƙasar burtalin. Fara ce. Wadda ke kwance a cikin kwazarin kuwa ja ce, kuma kwazarin bai ƙare a nan ba.

Muka ci gaba, ta bayan gari, ta ƙarƙashin shingen aguwa, ta tsakiyar gonakin mutane. Ramin yana ƙanƙancewa yana rarrabuwa kamar yatsun hannu. Kowane yatsa ya shiga wata gona, amma mafi kauri ya miƙe sak zuwa ƙolin tudu. Tun kafin mu kai na gane. Muka fito a wata gona fayau, babu kara babu tsiro, ruwan jiya ya zazzana fuskarta ko'ina, ga baƙin tabon wuta nan da can inda aka ƙona kara.

Mushe ya tambaya gonar wa ce. Babu wanda ya amsa, sai duk suka juyo suna kallona. Ya dube ni, ya dubi gonar, na ga ya gane. Ya durƙusa ya cika kwalba ta uku da kansa. Da muka girgiza su muka jera a ƙasa, ta lambu da ta tudu ba ka iya bambanta su. A hanyar komawa ya rage tafiya har muka jera, ya ce mini ba gonar Kakana kaɗai ba ce, duk tudun ne, kuma wannan ba kayan da yarinya za ta ɗauka ba ne, shi zai san yadda zai yi da manya. Ya kuwa gwada. Ya je wurin maigari da kwalabensa, aka saurare shi, aka yi masa godiya, aka ce ai ba a rasa gaskiya a maganarsa ba. Amma baƙo ne, yaro ne, kuma babu dattijon da ya yarda ya ɗauki wannan magana ya kai wa Kakana.

A gida na gaya wa Babana. Ya ce shi ba zai tsaya gaban mahaifinsa ya ce masa bai iya noma ba, kuma kada in sake ya ji wannan zance a bakina. Innata ta ce abin da lakwal ke jawowa ke nan. Sai na tafi wurin Kakata, ina ganin ita ce za ta fi kowa murna, tunda lambunta ne za a ceta. Na same ta tana tsinkar zogale. Na zayyana mata komai, har da kwalabe. Ta saurara har na gama, hannunta bai tsaya ba.

Ta ce, "Ke, lambu ƙasa ce. In ya tafi, na ci miyar kuka. Mutumin nan ba shi da komai sai sunan gonarsa. In kika taɓa shi, me kika bar masa?"

Na ce to yashin fa. Ta ce yashi ya daɗe yana zuwa, kuma mijinta ya daɗe yana kwashe shi, a bar su su biyu. Ta sa na yi mata alkawari. Na yi, amma da baki kawai, don zuciyata ba ta yarda ba.

Daminar nan ta yi mini tsawo. Duk sanda hadari ya haɗo, yara suna murna, ni ina ganin gonar Kakana tana gangarowa ta bayan gari. Da ruwa ya ɗauke, yashi ya haɗiye rabin lambun, ya toshe bakin rijiya, ganyen lemo ya yi ɗorawa. Na ga Kakata ta tsaya a bakin shinge ta daɗe, sannan ta ɗaure zaninta ta koma gida ba ta shiga ba. Ranar na ji haushinta, na ji tausayinta, na rasa wanda ya fi.

Bayan girbi Kakana ya ɗauki sheburinsa kamar kullum. Wata rana da hantsi aka aike ni in kai masa fura. Na same shi a cikin rami har ƙugu, yana neman bakin rijiyar, gumi ya jiƙa masa riga, ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito. Ya ce amarya ta makara, yau sai saki. Na ajiye ƙwaryar na zauna a bakin ramin, ƙafafuna suna lilo. Sai idona ya sauka a kan bangon ramin da sheburinsa ya yanka. Hawa-hawa yake, kamar a kwalbar Mushe. Jan yashi, sai siririn baƙin layi, sai jan yashi, sai baƙin layi, har ƙasa. Na sa farce na kankaro baƙin. Toka ce da guntayen gawayin kara.

Kakana ya ɗaga shebur yana cewa Allah ya isa tsakaninsa da shanun nan. Ban shirya abin da zan faɗa ba. Bakina ne ya yi abin da ya saba.

Na ce, "Ango, shanun nan da kake zagi, ashe har wuta suke hurawa a burtali?"

Ya fara murmushi, yana neman abin da zai rama da shi. Sai na miƙa masa tafin hannuna da gawayin a ciki. Ya duba. Ya juya ya dubi bangon ramin, ya bi layukan da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, a hankali. Ya danƙi jan yashin ya murza, ya kai hanci ya sansana. Mutumin da ya shekara hamsin yana taka ƙasa ɗaya ba ya buƙatar kwalba. Murmushin ya tafi. Ya ɗaga kai ya dubi arewa, inda tudu yake, ko da yake daga cikin ramin ba a hango shi. Sannan ya dubi tarin da ke gefen shinge, wanda ya tara da hannunsa shekara da shekaru.

Ya ce, "Duk wannan tawa ce?"

Na ce tasa ce da ta maƙwabtansa, amma tasa ta fi yawa. Na gaya masa yadda muka bi kwazarin, da kwami biyun nan, da abin da kara yake yi wa ruwa. Bai katse ni ba. Da na gama ya fito daga ramin ya zauna a kan kwando. Furar tana nan har ƙuda ya rufe ta, bai sha ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don ban taɓa ganinsa ya rasa amsar wasana ba.

Washegari ya ɗaura wa jakinsa mangala, ya gangara lambu, ya cika ta da jan yashi daga tarin nan, ya kora jakin ta tsakiyar gari zuwa tudu. Ya juye a inda ruwa ya fi kwakule gonar, ya dawo ya sake cikawa. Haka ya wuni, haka ya yi washegari, haka ya yi duk ranin nan in ban da Juma'a. Mutane sun saba ganin ana kai taki gona, amma ba su taɓa ganin ana kai wa jigawa yashi ba. Da farko tambaya suke yi, sai ya ce kayansa ne ya tsinta. Daga baya suka daina tambaya suka koma kallo.

Mushe ya ji labari ya same shi a hanya. Ina wurin. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, Baba, wannan wahalar ba dole ba ce, yashin da ruwa ya wanke ba shi da sauran ƙarfi, abin da zai tsayar da ɓarnar shi ne a bar kara a kwance, a bar tsiro ya tashi, a dasa gamba layi-layi a gicciye. Kakana ya sa shi ya maimaita, ya tambaye shi tazarar layukan, ya tambaye shi tsiro nawa ake bari a kututture ɗaya. Sannan ya ce ya ji, kuma zai yi duka.

Ya ce, "Amma wannan da kake gani, a lambun matata na zuba shi. Ni zan kwashe."

Da bazara ta zo, hayaƙi ya tashi a kowace gona a kan tudu ban da ɗaya. Kakana ya kwantar da karansa a gicciye ya bar shi. Kalgo da sabara da 'ya'yan gawo, ya rage musu rassa ya bar masu ƙarfi a tsaye. Ya cusa damman kara a cikin yatsun kwazarin ya kafe su da turaku, ya dasa gamba da ruwan farko. Gonar da ake kai yara su gani ta koma abin nuni ta wata fuska. A kasuwar Dungas aka ce tsufa ya kama shi. Wasu suka ce ba tsufa kaɗai ba ne, kai ya taɓu, ba ga shi yana yawo da yashi ba. Wani sa'ansa, wanda suka daɗe suna gasar sassabe, ya zo har ƙofar gida ya ce in ƙarfi ne ya ƙare zai turo 'ya'yansa su gyara masa. Na ga jijiyar wuyan Kakana ta tashi. Ya ce ya gode, a bar ta haka. Bai taɓa tsayawa ya kare kansa a gaban kowa ba, kuma na san abin yana cinsa, don ya daina zama a dandali bayan la'asar.

Kakata ta gane daga inda maganar ta fito. Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata ba. Ta daina kirana lambu ne kawai, in na gaishe ta ta amsa a gajarce. Wannan ya fi mini duka ciwo. Shi kuwa Kakana ya ci gaba da kirana amarya, sai dai wasan ya rage gishiri, ko kuma ni ce na daina sakin baki.

Damina ta farko yashi ya zo, amma bai kai na da ba. Ta biyu ya tsaya a bakin shinge. Maƙwabcinsa na gabas, wanda gonarsa ta fi zaizayewa, ya bar nasa karan a shekara ta uku, ya ce wai bai samu lokaci ba ne. Lemon Kakata ya sake ganye. Kakana bai ga 'ya'yan lemon ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi bayan girbin shekarar, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. A wurin zaman makoki ina raba ruwa na ji dattawa suna cewa, Allah ya jiƙansa, manomi ne na gaske kafin ƙarfinsa ya ƙare. Na so in ajiye butar in gaya musu cewa mai ƙarfin da ya ƙare ba ya hawa tudu da yashi rani uku. Ban faɗa ba. Na shiga bayan rumbu na yi kukana.

Tarin yashin bai ƙare ba lokacin da ya rasu. Saura kamar tsayin gwiwa. Ranar da Kakata ta fita takaba, da safe, ta aiko a kira ni. Watanni ke nan, kai shekaru, rabon da ta neme ni da kanta. Na same ta a lambu, tsaye gaban tarin, da ƙwarya biyu a ƙasa. Ta rame ƙwarai. Ta cika ɗaya da hannunta, ta naɗa gammo ta ɗora a kai, sannan ta tura mini ɗayar da ƙafa.

Ta ce, "Ɗauki taki, amaryarsa. Mu je mu ƙarasa masa."

Muka bi ta tsakiyar gari, ita a gaba ni a baya, mutane suna kallo. Ba ta sunkuyar da kai ba. Kowace safiya muka yi ta yi har wurin ya koma daidai da ƙasa, a nan ta shuka albasar shekarar.

Yanzu in ka je tudunmu ba za ka gane shi ba. Gawo ya rufe shi, da rani awaki suna kiwo a ƙarƙashi, ba a cika ganin hayaƙi da bazara ba. Masu furoje, wato ma'aikatan raya karkara, sun zo daga baya da motoci suna koyar da abin da suke kira sassaben zamani, kowa ya karɓa, har ana yi wa mai gona fayau kallon wanda bai waye ba. Babu mai danganta wannan da Kakana. In an tuna shi, sai a ce tsohon nan da ya riƙa kai yashi gona. Mushe an yi masa canjin wuri tun kafin in gama firamare, ban san inda yake ba. Tabkin, da yashi ya daɗe yana cikewa, bai koma yadda yake a yarintar Kakata ba, kuma ba na jin zai koma, amma yana riƙe ruwa har sanyi ya wuce. Kakata ma ta bi mijinta, lambun yana hannun matar ƙanena.

Da hutun da ya wuce na kai 'yata ƙauye. Ƙanena yana yashe rijiyar lambun, ya yanke gefenta don ya sake ɗaure ta. Na leƙa ramin. Layukan suna nan a ƙasa, ja da baƙi, ja da baƙi, kowace shekara da tokarta. A samansu kuwa, kusan taƙi guda, ƙasa ce baƙa wuluk, babu ja ko kaɗan a cikinta. Na riƙe hannun yarinyar na ɗora yatsanta a kan jan layi na ƙarshe. Ta tambaye ni mene ne. A lokacin na ce mata ƙasa ce kawai.

Shi ya sa shekaranjiya, bayan na idar da magariba, na kira ta na karɓi gwangwanin. Hujin da ta yi sun yi girma, ruwa zai zubo ne kamar daga buta. Na samo wani gwangwanin da ƙaramar ƙusa, muka zauna a tabarma muna hudawa tare, na fara ba ta labarin wanda ya tsayar da jan layin nan.